Kuɗin Inshora Ya Ninka Uku, Amma Wa Ke Biyan Diyya A Jos?

Tun ran 1 ga watan Janairu na 2023 Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar ƙananan motoci daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000, ta kuma ƙara diyyar ɓarnar dukiya da za a iya biya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Sa'an nan ran 1 ga Fabrairu na 2025 'yan sanda suka shiga tare motoci suna neman takardar. A Jos, inda aka daɗe da hana acaɓa, jama'a suka dogara ga tasi da keke mai ƙafa uku, duk abin da aka ƙara wa direba a aljihun fasinja yake ƙarewa.

To, biyan ba shi ne abin takaici ba. Abin takaicin shi ne direbobi da yawa ba su ɗauki takardar a bakin kome ba, sai dai abin nuna wa ɗan sanda a kan hanya, ga kuma ta jabu da 'yan damfara ke sayarwa. In tsautsayi ya auku, da wuya a tuna da kamfani. Shugabannin tasha da dattawan unguwa su ne ke zama su yi sulhu, direba ya ci bashi ya biya kuɗin magani, dangin wanda aka buge su ce sun yafe, ƙaddara ce. Lauya sai da kuɗi, shari'a kuwa takan ɗauki shekaru, talaka ba shi da wannan juriya.

Babu inda aka ga sakamakon wannan hali kamar Babbar Kasuwar Jos da ke Taminus, wadda aka ƙulla shirin gina ta tun zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, har aka riƙa lissafa ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Cikin watan Fabrairu na 2002 gobara ta cinye ta. 'Yan kasuwar da suka wayi gari ba ko allura, gudummawar 'yan'uwa da adashi ne suka tashe su, waɗanda suka iya tashi ke nan. Saura suka baza haja a bakin titi, wasu suka ƙaura. Kasuwar da ta haɗa Bahaushe da Birom da Ibo da Bayarabe a ƙarƙashin rufi guda ta watse, a daidai lokacin da garin ya fi bukatar wurin haɗuwa bayan rikicin Satumba na 2001. Da gwamnatin Simon Lalong ta zo da shirin sake gina ta da kuɗin Bankin Jaiz a 2022, gardama ta tashi a kan rabon rumfuna, har magana ta kai gaban kotu, shirin ya tsaya cik.

Ba rashin doka ba ne. Dokar Inshora ta 2003 ta wajabta yi wa gine-ginen jama'a inshora, irin su makarantu da asibitoci da wuraren ciniki, an kuma sake ƙarfafa wannan cikin sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025. Sai dai ba a cika tuna dokar ba sai an yi rashi, kamar ran 12 ga Yuli na 2024, sa'ad da ginin makarantar Saints Academy ya rufta a Busa Buji, mutum 22 suka rasu, aka kwashi masu rauni zuwa asibitocin gari, har da na OLA wanda 'yan mishan mata daga ƙasar Ailan suka yi wa hidima shekara da shekaru.

Abin mamaki, can Ailan cutar ta biyo ta ɗaya ƙofar. Yawan kai ƙara a kan ɗan rauni kaɗan, da manyan diyyar da kotuna ke yankewa, suka sa kuɗin inshora ya yi ta hawa, har aka soke bukukuwan ƙauyuka, wuraren wasan yara suka rufe, ƙungiyoyin sa kai suka rasa mai karɓarsu. Sai a 2021 alƙalan ƙasar suka amince da sabon ma'auni wanda ya rage diyyar ƙananan raunuka, a 2023 kuma aka sassauta alhakin da ke wuyan masu wuri. Su can tsoron ƙara ya hana taro, nan kuwa ana taron, ana cinikin, in abu ya faru kowa tasa ta fisshe shi.

Akwai kuma Musulmi da yawa masu ƙyamar inshora saboda shakkar riba da caca. Domin irinsu ne NAICOM ta fara ba kamfanonin takaful lasisi a 2016, inda masu zubi ke taimakon juna daga asusu guda, in an sami rara a raba musu. Bambancinsa da adashin da 'yan kasuwar Taminus suka saba bai taka kara ya karya ba, sai dai shi a rubuce yake, hukuma kuma na sa masa ido.