Daga Mai Wurno Zuwa Nima: Wa Ke Zaɓar wa Ɗan Bahaushe Karatu a Ƙetare?

A karkarar arewacin Kano, irin su Bacirawa, gona ba ta ƙaruwa, magada ne ke ƙaruwa. Gida na kallon gida, ko'ina an nome, kuma duk sanda aka raba gado sai kason kowa ya ƙara tsukewa. Shi ya sa tun kaka da kakanni mutanen wannan yanki suka saba da fita: wasu ci-rani, wasu fataucin goro, wasu neman karatu gabas, wasu kuma hanyar Makka a ƙafa. Da yawa ba su dawo ba. Jikokinsu ne yau suke zaune a bakin kogin Nilu, da unguwannin Makka da Jidda, da zangunan Akra da Kumasi. Tambayar da ke hana uba barci a Bacirawa idan ɗansa ya gama sakandare, wato me zai karanta, a ina, kuma da kuɗin wa, ita ke hana ɗan'uwansa na can barci. Sai dai a can akwai tambayar da ke riga waɗannan duka: wace takarda yaron yake riƙe da ita?

Babu inda wannan ya fito fili kamar Sudan. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno kusa da Sennar. Mahajjata ma sun yi ta yada zango a hanya, guzuri ya ƙare, zama ya kama su. Da aka gama madatsar ruwan Sennar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, hannun mutanen Yammacin Afirka ne ya ɗauki kaso mai yawa na aikin. Amma filayen noman akasari 'yan ƙasa aka ba. Leburori suka zauna a matsugunan da ake kira kanabi, a gefen gonaki, inda makaranta da asibiti suka yi ƙaranci shekara da shekaru. Sannan dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa suna Sudan tun ƙarshen 1897, shekara shida kafin Burmi. An sassauta dokar daga baya, kuma Hausawan Sudan sun fitar da malamai da likitoci da jami'an gwamnati. Duk da haka, yaron da ya tashi a kanabi, wanda ubansa ya sha wahala kafin ya sami shaidar ɗan ƙasa, ba daga wuri ɗaya yake fara tsere da yaron birni ba. Rikicin da ya ɓarke a yankin Damazin da Rusairis a Yulin 2022, wanda ya ci rayuka masu yawa ya kuma raba dubban Hausawa da gidajensu, tushensa wannan tsohuwar magana ce ta wane ne ɗan gida, wane ne baƙo.

Abin da ke ɗaure kai shi ne, ƙasar da ta ƙuntata wa Bahaushen da aka haifa a cikinta ita ce ta zama alƙiblar karatun Bahaushen Najeriya. Shaihu Abubakar Gumi ya yi karatu a Bakht er-Ruda a tsakiyar shekarun 1950. Shaihu Ja'afar Mahmud Adam, bayan Madina, ya ƙaro ilimi a Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka da ke Khartum. Daga baya kuwa likitanci da harhaɗa magani da aikin jinya ne suka ja ɗaliban Kano da Jigawa da Katsina zuwa can. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Guraben likitanci a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello ba su kai masu nema ba, ko da yaro ya ci maki mai kyau a JAMB. Yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022. Kuɗin karatu a Sudan ya fi na Turai sauƙi nesa ba kusa ba. Ga uba mai 'ya mace kuma, ƙasar Musulmi ce, ga ɗakin kwanan mata, ga dangi da ke jin Hausa a kasuwa. Wannan dalili na ƙarshe ba a cika rubuta shi a rahoto ba, amma a gidaje da yawa shi ne ya yanke hukunci, kuma shi ya sa aka sami likitoci mata da in ba don haka ba da ba a same su ba.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya tashi a Khartum tsakanin sojoji da dakarun RSF. Ɗalibai suka fito a motocin safa, suka kwashe kwanaki a iyakar Masar kafin a bari su tsallaka, wasu suka bi ta Port Sudan. A farkon Mayu jirage suka fara sauke su a Abuja. Sun tsira da rai, alhamdulillahi, amma da yawa sun bar takardun sakamakonsu a ofisoshin da babu mai iya shiga. Wanda yake shekarar ƙarshe ya dawo yana neman jami'ar da za ta yarda da shekarun da ya riga ya yi. Su ɗaliban Najeriya suna da gidan komawa. Takwarorinsu Hausawan Sudan, da yaƙin ya iske a Wad Madani a Disambar wannan shekarar, ba su da ofishin jakadancin da zai turo musu mota.

A Saudiyya kuwa, al'umma ɗaya ce ta rabu gida biyu. Waɗanda kakanninsu suka zauna da wuri suka sami zama 'yan ƙasa, su ne masu sunan Hausawi da Fallata da Barnawi. 'Ya'yansu na shiga jami'ar gwamnati kyauta, har da alawus. Duk wanda ya kalli tawagar ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 ya ga Hausawi har uku: Usama da Umar da Mu'utaz. Ɗaya gidan kuma na waɗanda suka zo daga baya ne, wasu da iƙama, wato takardar izinin zama, wasu babu. Yaron da ba shi da iƙama, ko a Makka aka yanke masa cibiya, ƙofar makarantar gwamnati ta daɗe a rufe gare shi. Abin da ya rage masa shi ne haddar Alƙur'ani da duk sana'ar da ta samu: ɗinki, tuƙi, tura keken mahajjata, ko tsaron shago.

Masu iƙamar ma lissafinsu ya sauya. Tsarin Niɗaƙat na 2011 ya ƙara keɓe ayyuka ga 'yan ƙasa, sannan daga Yulin 2017 aka ɗora wa baƙi harajin iyali: riyal 100 a wata kan kowane mutum, yana hawa har ya kai 400 a 2020. Magidanci mai mata da 'ya'ya shida ya duba ya ga ba zai iya ba. Sai ya turo yaran gida.

A nan ne matsalar ta dawo ƙofar Kano. Matashin da ya tashi da Larabci, yana iya lissafi da kimiyya da Larabci, ya tarar ana neman kiredit a Turanci kafin ya taka jami'a. Hanyar da ta fi buɗe masa ita ce ta jarrabawar Larabci da addini ta NBAIS da Makarantar Nazarin Larabci ta Kano da Kwalejin Shari'a ta Aminu Kano, daga nan sashen Larabci ko addini. Hanya ce mai daraja, kuma ta fitar da manyan malamai da alƙalai. Amma ba kowane yaro ne ya zaɓe ta ba. Akwai wanda burinsa injiniya ne, harshe kawai ya juya masa akala, kuma asara ce ga jihar da ke kukan ƙarancin ƙwararru.

Gana ta bi wata hanyar. A zangunanta, irin su Nima da Sabon Zango, iyaye sun daɗe suna ƙyamar makarantun mishan don tsoron addinin 'ya'yansu, ga kuma tabon korar baƙi ta 1969 a zamanin gwamnatin Busia. Abin da ya fara sassauta lamarin shi ne sashen ilimin Musulunci da aka kafa cikin hukumar ilimi ta ƙasar a 1987, wanda ya haɗa Larabci da boko a aji ɗaya. A 2017 aka mayar da babbar sakandare kyauta, aka kuma kafa asusun raya zanguna. Babban Limamin ƙasar, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, yana da nasa asusun tallafa wa ɗalibai. Duk da haka, yaron Nima idonsa na kan Mohammed Kudus, ɗan unguwarsu da ya fita ta makarantar ƙwallo ta Right to Dream ya kai Ajax da Ingila. Matashi yakan auna burinsa da wanda ya ga ya fita daga layinsu, kuma a zango ɗan ƙwallo ya fi likita fitowa a talabijin.

Duk waɗannan labarai suna isowa ƙauyen Kano ta WhatsApp kafin su iso ta jarida, kuma suna shiga lissafin iyaye. Tun da gwamnatin Kwankwaso ta tura ɗalibai 501 ƙaro karatu waje a 2012, ta kuma tura wasu Jodan koyon tuƙin jirgin sama, ɗan manomi ya fara ganin fasfo ba na 'ya'yan masu kuɗi kaɗai ba ne. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin a 2023 da guraben ɗalibai 1,001, aka tura su Indiya da Uganda. Amma wanda zai biya da aljihunsa, naira ta karya masa gwiwa: dalar da take kusan 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Filin gadon da a da za a sayar ya kai yaro har ƙarshen digiri, yanzu a tsakiyar hanya yake ƙarewa. Shi ya sa wasu suka karkata Nijar, irin Jami'ar Maryam Abacha da ke Maraɗi, inda mota ke kai mutum a yini guda. Wanda kuma ya gama likitanci a waje sai ya ci jarrabawar Hukumar Likitoci ta Najeriya kafin a ba shi lasisin taɓa majiyyaci.

Kano ta iya tura ɗalibai waje, har da bikin rakiya a filin jirgin Malam Aminu Kano. Abin da ya kamata ta ba irin wannan muhimmanci shi ne tarbar masu dawowa: ofishi guda da zai duba takardar Khartum ko ta Jidda ya faɗi matsayinta cikin 'yan makonni, da ajin Turanci na shekara ɗaya ga yaran da suka yi sakandare da Larabci, domin mai son kimiyya ya zauna JAMB a fannin da yake so. Malaman da za su koyar a wannan aji suna nan cikin gari, kuma da yawansu su ma ta Khartum da Madina suka biyo.