Minti Arba'in a Garin Cobh

Minti arba'in kacal jagoran tawagarmu ya ba mu a Cobh, wani gari mai tashar jiragen ruwa a kudancin ƙasar Ailan, kusa da birnin Cork. Malaman jami'a ne mu da muka halarci taro, kowa riƙe da waya yana neman inda hoto zai yi kyau.

A nan jirgin Titanic ya yada zangonsa na ƙarshe ranar 11 ga Afrilu, 1912, ya ɗauki fasinjoji 123, kuma wannan labarin jagoran ya fi daɗewa a kai. Ni kuwa wani abu ne ya tsaya mini a rai: tsakanin 1848 da 1950, kimanin mutum miliyan 2.5 suka bar ƙasarsu ta wannan tasha, akasarinsu yunwa da talauci suka kore su. A gaban mutum-mutumin Annie Moore, yarinyar da ta tashi daga nan zuwa Amurka da ƙannenta biyu, na tuna samarinmu masu bi ta Agadas neman Turai.

Ban gama wannan tunani ba direba ya danna hon. Tafiyar ayari tana da rangwamen kuɗi, amma wurin da iyaye suka yi bankwana da 'ya'yansu har abada ya fi ƙarfin minti arba'in. Wanda ya samu zuwa, ya kwana.