Hular haƙorin da firinta ta buga: za ta iya tauna aya?

Idan haƙori ya fita da saiwarsa, likita na iya dasa wani a gurbinsa. Dashen kashi biyu ne. Akwai sukurun ƙarfen titaniyom da ake ɗaurawa a ƙashin muƙamuƙi, ƙashin ya kama shi cikin 'yan watanni. Per-Ingvar Brånemark, wani likita ɗan Suwidin, shi ya fara yi wa mutum irin wannan a 1965. Sai kuma hular da ake ɗorawa a kai. Ita kake gani a matsayin haƙori, ita ce kuma ke shan wuyar tauna.

Hanyar da aka saba ita ce sassaƙa: na'ura mai aiki da kwamfuta ta ɗauki dunƙulen zirkoniya, wani farin tangaran mai tsananin tauri, ta fere shi har ya zama haƙori. Yanzu firintar 3D ta shigo. Ana zuba mata roba mai ruwa-ruwa, haske ya riƙa daskarar da ita hawa-hawa, kowane hawa kaurinsa kamar na gashin kai. Daga nan a wanke hular da sinadarin alkohol, a sake gasa ta da haske don ta ƙarasa ƙeƙashewa. Aikin na da sauri, ba ya ɓarnar kaya, firintar ma ta fi injin sassaƙa araha. To, amma ƙarko fa?

A gwajin lanƙwasawa, zirkoniya mai ƙarfi kan jure kimanin megafaskal 1,000 kafin ta karye. Robar firinta yawanci tsakanin 100 da 150 take tsayawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Abin da ke ba roba ƙarfi shi ne garin gilashi ko na tangaran da ake cuɗawa a ciki, kamar yadda tsakuwa ke ƙarfafa kankare. Idan aka cika garin, ruwan sai ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, firinta kuwa mai gudana take so. Dole a rage. Ga kuma batun hawa-hawan: ka san mai faskare bin tsagin itace yake yi. Haka hular take, ƙarfinta kan canja gwargwadon yadda aka kwantar da ita lokacin bugawa. Idan kuma aka yi gaggawar gashin ƙarshe, ba za ta kai ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba ba.

Kada alkaluman nan su sa ka yanke hukunci tukuna. Cizo mai ƙarfi da turamen haƙora kan kai nauyin buhun siminti, wato kilo 50, wani ma ya zarce. Hular firinta mai isasshen kauri, idan aka danna ta sau ɗaya a ɗakin gwaji, sau da yawa takan jure fiye da haka. Matsalar ita ce baki ba sau ɗaya yake tauna ba. Ɗauki waya ka lanƙwasa, ba za ta tsinke ba. Yi ta lanƙwasawa ka ga. Shi ya sa masu bincike ke sa hula a injin da ke kwaikwayon tauna sau miliyan 1.2, wanda ake ƙiyastawa da shekara biyar a baki, suna kuma tsoma ta a ruwa mai sanyin digiri 5 da mai zafin digiri 55 sau dubbai, kamar wanda ya kurɓi shayi ya bi da ruwan sanyi. A nan roba ke nuna halinta: tana tsotsar ruwa a hankali, ƙarfinta ya ragu, samanta ya goge, ta kuma ɗauki launin shayi ko goro.

Akwai abin da ya keɓanci dashe. Haƙorin da aka haife ka da shi ba manne yake da ƙashi ba, wasu siraran zaruruwa ne ke riƙe da shi, suna ɗan ba shi damar motsi, suna kuma sanar da kai nan take idan ka ci karo da tsakuwa a shinkafa. Sukurun titaniyom ba shi da wannan katifa, kuma mai shi ba ya saurin jin ya cika cizo. Duk bugun a kan hula da sukuru yake ƙarewa. Sau da yawa kuma akan huda hular a tsakiya don ɗaure ta, ramin nan kuwa wurin fara tsagewa ne. Wasu masu bincike na ganin taushin roba alheri ne a nan, tunda tana shanye wani ɓangare na bugun. Gara hula ta fashe a buga wata da a ce sukuru ya karye a cikin ƙashi. Hujja ce mai ma'ana, sai dai robobin da ake sayarwa a matsayin hula ta dindindin ba su daɗe da shiga kasuwa ba, wajen 2020 ne, alhali zirkoniya ta haura shekara ashirin a bakunan mutane.

A ganinmu, a matsayin hular wucin gadi, kafin dasashi ya warke, ta firinta ta wadatar. Amma idan turmi za a maye, ko kana cikin masu gurzar haƙora a barci, ko ba ka raina aya da ƙashin kaza, zirkoniyar da aka sassaƙa ta fi kwanciyar hankali a yanzu. Idan likita ya ba ka zaɓin ta firinta, tambaye shi ko robar an amince da ita don zaman dindindin, da kuma nawa za ka biya in ta tsage.