Makarantar Samaru, Inda Ake Koyar Da Malaman Gona

Jama'a, kusan kowane manomi ya san malamin gona. Shi ne mai zuwa ƙauye gabanin shuka, ya ce a canza iri, ko a rage tazarar shuka, ko a binne taki kada a watsa shi bisa ƙasa. Waɗansu su karɓi maganarsa, waɗansu kuwa su ce, "Yaron da aka haifa jiya, ina ya san noman da zai koya mana?" To, wannan tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. A wannan mako za mu ba ku labarin makarantar da ta daɗe tana horar da irin waɗannan malamai, watau Makarantar Aikin Gona ta Samaru, domin ku san abin da ake koya musu, da kuma yadda ɗan kowa zai iya shigarta.

Samaru tana arewa maso yamma da birnin Zariya, a kan hanyar Funtuwa. Amma asalin makarantar ba a nan yake ba. A Maigana aka fara, gabas da Zariya, cikin 1921, inda aka buɗe wurin koya wa samari aikin gona. Cikin 1922 Ma'aikatar Gona ta kafa gonar gwaji a Samaru, domin binciken amfanin gonar Lardunan Arewa, musamman auduga da gyaɗa, waɗanda su ne manyan kayan da ake fitarwa a lokacin. Da aka ga ya fi kyau masu koyo su zauna kusa da masu bincike, sai aka mai da koyarwar Samaru. Cikin 1932 ta zama cikakkiyar Makarantar Aikin Gona.

Dalilin kafa ta a fili yake. Turawan gona kaɗan ne, ƙasa kuwa ga faɗi, ga shi yawancinsu ba su jin harshen talakawa sosai. Kome kyawun irin da aka samu a gonar gwaji, in ba wanda zai kai shi ƙauye ya nuna yadda ake shuka shi, to, aikin banza aka yi. Saboda haka aka riƙa ɗaukar 'yan ƙasa ana horar da su, in sun gama a rarraba su larduna, waɗansu su yi wa Gwamnati aiki, waɗansu En'e. Noman shanu, wanda aka soma yaɗawa wajen 1928, ta hannun irin waɗannan malamai ya shiga ƙauyuka. Su ne suka nuna yadda ake horar da bijimai, da ɗaura musu karkiya, da tara takinsu a kai gona. Haka kuma su suka yi ta fama da jama'a kan takin zamani na gyaɗa cikin shekarun 1950, lokacin da mutane da yawa ke tsoron zai ƙone musu ƙasa.

Cikin 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, aka danƙa mata gonar gwajin, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona. Bayan an raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida cikin 1967, makarantar ma ta koma hannun jami'ar. Har yanzu tana ƙarƙashinta, tare da 'yan'uwanta biyu: ta Kabba, cikin Jihar Kogi, wadda ke ƙasar ruwa da itatuwa, da ta hanyar Mando a Kaduna, wadda ta fi ba da ƙarfi ga kiwo da lafiyar dabbobi.

To, me ake koyarwa? Karatun hawa biyu ne. Hawa na farko shekara biyu ne, a ba yaro takardar difloma. Sa'an nan ya fita ya yi aiki na shekara guda a wata gona ko ma'aikata, don hannunsa ya faɗa. In yana so ya ci gaba, sai ya komo ya ƙara shekara biyu, a ba shi babbar difloma. A hawan farko ana haɗa masa kome da kome: sanin ƙasa, da shuka, da kiwo, da awon gona, da lissafin kuɗin da aka kashe da wanda aka samu. A hawa na biyu ne kowa ke kama fanninsa. Wani ya bi noman hatsi, wani lambu, wani yaƙi da ƙwari da cututtukan shuka, wani injunan gona da noman rani, wani kuwa aikin faɗakar da manoma. Akwai kuma fannin tattalin gida, inda mata suka fi yawa, ana koyon sarrafa abinci da adana shi da ciyar da iyali.

Bari mu kawo misali, don ku ga irin ilmin ba na cikin littafi kaɗai ba ne. Ana koya wa ɗalibi cewa hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. In ya yi kunya da tazarar santimita 75, ya bar santimita 25 tsakanin rami da rami, ya tsai da masara ɗaiɗai, zai sami tushe wajen 53,000 a hekta. Manomin da ya buɗa tazara ya tsai da rabin wannan, ya biya kuɗin huɗa da noma na gona guda, amma amfanin da zai girba ba zai kai na cikakkiyar gona ba.

Haka nan taki. Buhun yuriya mai kilo 50, a cikinsa akwai kilo 23 na sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15 kuwa kilo bakwai da rabi kaɗai ke cikinsa na wannan sinadari, amma yana ɗauke da waɗansu biyu, masu taimakon saiwa da ƙwaya. Shi ya sa malami ke cewa a fara da kamfa, a bi da yuriya daga baya, a kuma binne ta, gama in an bar ta a sarari ƙarfinta bin iska yake yi. 'Yan kasuwa masu sayar da taki, ku ma wannan lissafi ya shafe ku, don mai saye zai tambaye ku, in kuka ba shi amsar da ba daidai ba, baɗi ba ku ƙara ganinsa.

Wajen kayan aiki, makarantar tana da gonakin koyo, inda ɗalibai ke shiga da kansu su yi shuka, su yi noma, su yi girbi. Akwai ma'aikatar injuna inda ake koyon tuƙa tarakta da gyaranta, da ɗakunan gwaje-gwaje, da wurin kiwo, da ɗakin karatu, da ɗakunan kwanan ɗalibai. Amma babban arzikinta shi ne maƙwabtanta. Cibiyar Binciken Aikin Gona tana nan kusa, ita ce ke fitar da iri masu suna da ke farawa da "Sam", watau Samaru: Sammaz na masara, Samsorg na dawa, Samnut na gyaɗa, Sampea na wake, Samcot na auduga. Ga ofishin yaɗa sakamakon bincike ga manoma na ƙasa baki ɗaya, shi ma a Samaru yake. Ga kuma cibiyar binciken dabbobi a Shika, 'yar tafiya kaɗan. Mai koyo a irin wannan wuri ya zauna kusa da rijiya, ba ya kwana da ƙishi.

Kada wani ya ce ai yanzu an san kome, ba a bukatar malamai. Masifar gona ba ta sallama. Cikin 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ɗarɓa ke yaɗawa, ta halaka gyaɗar Arewa, har manoma da yawa suka bar nomanta. Cikin 2016 tsutsar nan da 'yan lambu ke kira sharon ta cinye tumatir a Kaduna da Kano da maƙwabtansu, kuma cikin shekarar ce aka fara ganin sabuwar tsutsar masara a Nijeriya. Kakanninmu ba su san waɗannan biyu na baya ba, balle su bar mana maganinsu. Duk sa'ad da irin wannan ta auku, sai an sami mutumin da zai gane ƙwaron, ya san maganin da ya dace, ya san awonsa, ya kuma iya yi wa manomi bayani da harshensa.

Mai son ɗansa ko 'yarsa su shiga, ga hanya. Sai yaro ya gama sakandare da sakamako mai kyau a darussan da ake bukata, cikinsu har da Turanci da lissafi da darussan kimiyya, sa'an nan ya zauna jarrabawar JAMB ya zaɓi makarantar. A nemi bayanin kuɗi da lokacin shiga daga ofishin makarantar kanta, kada a bi ta hannun dillalai. Kuma kada a ɗauka wanda ya gama sai ya jira aikin Gwamnati. Yana iya riƙe gonar gidansu, ko ya buɗe shagon iri da magani, ko ya kama kiwon kaji, ko ya yi aiki da kamfanonin iri da na taki.

Shawararmu ga iyaye ita ce, a daina ware yaro mai ƙwaƙwalwa a ce shi na ofis ne, a bar wa gona wanda karatu ya gagara. Gona ma tana son mai lissafi. Ga manoma kuwa, in malamin gona ya zo, kada a kore shi, kada kuma a bi shi ido rufe. A yanka masa kunya goma a gefen gona, a yi yadda ya ce, sauran a yi yadda aka saba. Ran girbi a auna na nan, a auna na can, mudu ya raba gardama. Shi ma malamin ya saurari dattawa, gama sun san halin ƙasarsu tun ba a haife shi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.