Zaman Dirshan Da Zaƙi: Yadda Ciwon Sukari Ke Yi Wa Samari Sanɗa

Mutane da yawa sun ɗauka ciwon sukari na dattawa ne da masu tumbi. Alhali kuwa tun jini na tafasa yake kafa gindi, ba tare da ciwon kai ko zazzaɓi ba.

A shekarar 2008 wasu likitoci a birnin Kopanhegen na ƙasar Danmak suka bayyana sakamakon wani gwaji. Sun sami samari lafiyayyu masu yin taku kamar 10,000 a yini, suka sa su rage shi zuwa ƙasa da 1,500. Mako 2 kacal aka yi, sai ga kitsen da ke lulluɓe da kayan cikinsu ya ƙaru da kashi 7 cikin 100, jikinsu kuma ya fara kunnen ƙashi ga insulin, watau sinadarin da ke kwashe sukari daga jini. Abin mamaki, nauyinsu bai ƙaru ba. Ashe ke nan sirantaka ba shaidar lafiya ba ce.

Dalili kuwa shi ne, tsokar jiki ita ce babbar mai cinye sukarin da ya shiga jini bayan cin abinci. Idan tana aiki sai ta zuƙe shi. Idan aka bar ta a zaune, dole jiki ya yi ta ƙara insulin, hanta ta yi ta mayar da rarar kitse. A haka ake shekaru kafin awon asibiti ya tona asiri.

To, a dubi saurayin birni na yau. Kakansa ya yi noma da ɗaukar kaya a ka. Shi kuwa ko masallacin unguwa sai ya hau babur, ya wuni a shago ko ofis yana latsa waya, ya karya da shayi mai kauri da burodi, ya kora shinkafa da lemon kwalba. Kwalba guda na ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2015 ta ce kada baligi ya wuce kamar 12 a yini. A 2022 Nijeriya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuna, kuɗin da bai isa ya hana kowa sha ba.

Har wa yau hukumar ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Tafiya da sauri ta rabin sa'a, kwana 5, ta cika wannan adadi.