Begen da Ba Ya Faɗin Suna

 Masu sauraronmu a Anka, Gummi da Bukkuyum, yau bege za mu taɓa. Ba wanda sha'irai ke rerawa a Maulidi ba, begen wanda rai ke so, shi kuwa ya yi nisa ko ya juya baya.

A 1911, a birnin New York, wasu 'yan ci-rani biyu daga kudancin Italiya, Riccardo Cordiferro da Salvatore Cardillo, suka haɗa waƙa da harshen mutanen Napoli. Sunanta Core 'ngrato, wato zuciya mai butulci. Saurayin cikin waƙar ya kama sunan budurwar, Catarì, yana ta nanatawa, yana tuhumarta da baƙar magana. Da abin ya ishe shi sai ya kai kuka coci, malamin cocin ya ce masa ya rabu da ita kawai. Enrico Caruso, shi ma ɗan Napoli, ya sa ta a faifai, ta zagaye duniya. Yau shekara ɗari da ɗoriya, sunan Catarì na nan a bakin mutane.

To, a ƙasar Zamfara abin ya sha bamban.

Da an gama kaka, an kai gero da dawa rumbu, maza kan ɗaure kaya su yi kudu ci-rani, sai damina ta kawo kai. Wadda aka bari gida ita ke da begen, amma kunya ta hana ta kama sunan miji ko a zancen yau da kullum, balle a waƙa. Sai dai maigida, ko wane. Saboda haka a da takan jira asuba, ta durƙusa gaban dutsen niƙa, ɗan dutse na kai da komo, muryarta na bin sa. Nan za ta amayar da abin da ke cinta, da habaici da zaurance. Kishiya na ɗakinta tana ji, uwar miji ma ta gane sarai, amma wa zai kama ta da laifi? Ai ba ta ambaci kowa ba.

'Yan mata kuma dandali ne nasu, a farin wata, da tafi da gaɗa. Saurayin da ya yaudari wata zai ji ana sukarsa yana tsaye a gefe, ba damar tankawa.

Namiji ne ke da bakin kama suna. Haruna Uji na Haɗeja ya ɗauki gurmi ya kira Jummai a fili, gidajen rediyo suka yi ta sakawa.

Yanzu injin niƙa ya kori dutse, rashin tsaro kuma ya tashi dandalin dare a ƙauyuka da dama. Samari sun watsu, wasu haƙar zinari wajen Bagega, wasu Legas. Budurwa takan tura wa nata waƙar fim ta waya, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai.

Ga Caruso, daga nan sai gurmin Haruna Uji.