'Security': Kalmar da ba ko'ina take nufin tsaro ba

Idan aka ce "security" a Kano ko Kaduna, abin da ke faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne mai kaki a bakin ƙofar banki, ko shingen bincike a kan hanya. Kalmar ta kama baki har ta zama "sikiriti", kamar yadda "guard" ta daɗe da zama "gadi", ta haifar mana da maigadi. Sai dai fassara ta da "tsaro" a duk inda ta fito na iya jawo wa mutum asara, musamman a takardar da zai sa wa hannu.

Asalinta daga harshen Latin ne, inda "securus" ke nufin wanda ba shi da damuwa. Ke nan tushen kalmar kwanciyar hankali ne, bindiga da katanga kuwa hanyoyin samun sa ne kawai. Shi ya sa duk inda aka gan ta, yana da kyau a tambaya: hankalin wa ake son kwantarwa?

A banki, amsar ita ce hankalin mai ba da bashi. A takardar rance, "security" na nufin jingina: gida, gona ko mota da mai karɓar bashi ya ajiye, wadda za a iya sayarwa idan ya kasa biya. Manomin da aka karanta wa kalmar ya ɗauka kariya ake yi wa gonarsa ya fahimci akasin abin da aka rubuta. Tun shekarar 2017 kuma doka a Najeriya ta sauƙaƙa jingina da kadarar da ake iya ɗauka, kamar shanu, injin niƙa ko kayan shago, kuma akwai rajista a ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya inda ake shigar da su. Wannan ya buɗe wa ƙananan 'yan kasuwa ƙofar rance, amma ya kuma nuna cewa keken ɗinkin da ake cin abinci da shi na iya tafiya da sa hannu ɗaya.

Idan ta zo a jam'i, "securities", ta koma takardun hannun jari da na lamuni da ake saye da sayarwa. Hukumar SEC ba ta da alaƙa da 'yan sanda ko soja. Kasuwar hannun jari take sa wa ido. Haka "Social Security" a Amurka, tsarin da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu a 1935, tallafin kuɗi ne ga tsofaffi da sauran masu rauni.

A wayar hannu kuwa kalmar mabuɗi ce. Lambobi uku da ke bayan katin ATM, da lambar da banki ke turowa ta saƙo kafin kuɗi su fita, duk "security code" ake ce musu. 'Yan damfara sun san nauyin kalmar a kunnen mutane, shi ya sa suke kira su ce daga sashen "security" na banki suke, za su kare asusunka idan ka faɗa musu lambar. Banki ba ya neman ta a waya.

Inda kalmar ta fi tsada shi ne a siyasa. Sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya ayyana tsaro da walwalar jama'a a matsayin babban dalilin kafa gwamnati. A ƙarƙashin wannan inuwa ake ware "security vote", kuɗin da gwamnoni da wasu manyan jami'ai ke kashewa ba tare da an bi sawunsu yadda ake bin sauran kasafi ba. A 2018, ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa kuɗin sun kai kusan dala miliyan 670 a shekara. A cikin shekarun da suka biyo baya, an sha samun rahotannin ƙauyuka a Zamfara da ke haɗa kuɗi su biya 'yan bindiga kafin a bar su su girbe amfanin gonarsu.